Rasuwar Mai Tsiwa, Wadda Muciya Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda haushi ya fi yawa a cikinsa, Malam Ishiyaku Ramalan, mai sayar da taki da iri a kasuwar Rano, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabta na kirki da sauran maƙwabta, rasuwar na'urarsa mai gano hayaƙi da gurɓatacciyar iska, wadda mutanen gidansa suka laƙaba wa suna Mai Tsiwa. Ta rasu ranar Talata ta makon jiya bayan sallar La'asar, ana tsakiyar marka, tana bakin aikinta a saman ƙofar ɗakin jego. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, ba kuma batir ne ya ƙare mata ba. Da muciya aka kashe ta, kuma wadda ta riƙe muciyar tana nan cikin gidan ana dama mata kunu.

Malam Ishiyaku ya ce a rubuta haka ɗin, kada a sassauta. Ya ce duk wanda yake ganin abin dariya ne dattijo mai furfura ya yi wa roba sanarwar rasuwa, ya yi dariyarsa a gidan ubansa, kada ya kawo masa ita zaure.

Marigayiya fara ce, kewayayya, ba ta fi murfin kwanon sha girma ba. Ido ɗaya gare ta, kore, wanda take ƙiftawa jefi-jefi don a san tana nan. Asalin zuwanta gidan kuwa ba na farin ciki ba ne. Shekarun baya, amininsa Bello tela na Kibiya ya shigar da janareta cikin shago saboda ruwan sama, ya ja ƙofa, ya ci gaba da ɗinkin Sallah. Aka tarar da shi zaune a kan kekensa, kansa kife a kan rigar wani, sai ka ce gyangyaɗi ne ya ɗauke shi. Janaretan ma bai mutu ba, yana ta gurnaninsa. Malam Ishiyaku yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar. Da ya dawo gida ko ruwa bai sha ba ya kira ɗansa Munzali, wanda yake sayar da kayan sola a Kano, ya ce ya nemo masa duk abin da zai iya yin ihu idan mutum ya kasa. Haka Mai Tsiwa ta iso Rano cikin kwali, aka kafa ta a barandar da ɗakunan gidan suke kallo.

Murya biyu take da ita, kuma mai gida ya haddace su kamar yadda ya haddace muryar 'ya'yansa. Idan hayaƙi ta shaƙa, sai ta ja kuka uku dogaye: "Tiiit, tiiit, tiiit." Idan kuwa ɗayan ne, wato gubar da take fita daga garwashi da bututun janareta, wadda ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda ta kwantar da Bello, sai ta yi huɗu gajeru a jere: "Ti-ti-ti-ti," ta numfasa, ta sake. Tana da wata 'yar ƙaramar murya ta uku, "cit," wadda take yi can ba a rasa ba idan yunwa ta kama ta, batir ya yi sanyi. Ba ta taɓa neman wani abu a gidan ba bayan wannan.

Kowace Juma'a in ya dawo daga masallaci, kafin ya cire babbar riga, Malam Ishiyaku yakan ɗaga sandarsa ya danna mata ciki don ya ji ko tana lafiya. Sai ta amsa da ƙarfinta, kajin matarsa Saude su watse, Saude ta yi tsaki daga madafa. Kowace Sallah yakan sake mata batir ko bai ƙare ba, ranar da yake yi wa yara sabon ɗinki. Yana share mata ƙura da gashin kaza. Wannan ne kawai gatan da ta samu a duniya, kuma daga mutum ɗaya.

Halayenta na gari ba su ƙirguwa, amma mai gida ya ce a ambaci kaɗan don masu mantuwa. Ita ce ta yi kururuwa ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, cajar waya ta narke a soket har labule ya fara ci, alhali mutanen gidan suna tsakar gida suna gardamar ko wa ya shanye fura. Ita ce ta tona asirin waken da Saude ta ɗora a murhun gas ta tafi barka maƙwabta, ta zauna aka buɗe hirar da ba ta da ƙarshe. Ita ce ta hana janareta kwana a baranda, ta yi ta yi masa kuka huɗu-huɗu har aka gina masa 'yar rumfa can bayan gida nesa da tagogi. Ba ta san babba ba, ba ta san baƙo ba. Ko surukin gida ne ya kunna sigari a ɓoye, za ta faɗa. Ba ta taɓa yin ƙarya ba, ba ta kuma taɓa rufa wa kowa asiri ba, shi ya sa babu mai ƙaunarta.

To, me aka saka mata da shi? Saude ta ce tana firgita mata baƙi, kuma ba dama mace ta yi turaren wuta a gidan mijinta sai an yi mata shela. Har hular wanka ta taɓa kifa mata ranar wani biki, ta manta ba ta cire ba sai da mai gida ya gani. Wani daga cikin 'ya'yan gidan, wanda har yau bai amsa laifinsa ba, ya zare mata batir ya sa a rimot don ya kalli ƙwallo. Da ta yi yunwa tana "cit, cit," gidan kaf suka ce gyare ne, aka yi ta ɗaga katifu ana feshin fiya-fiya har jarkar ta ƙare, babu wanda ya ɗaga kai sama. Mazauna majalisar ƙofar gida kuwa suka ce Ishiyaku ya ajiye ɗan sanda a ɗaka, wai ya fi yarda da roba a kan tawakkali. Mai gida ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ya fara faɗa da wanda ya fi kowa dariya. Ya ce su sani bai manta ba.

Yanzu sai a zo kan ajalinta, kuma dole a fara da Yaya Asma'u.

Yaya Asma'u yayar Malam Ishiyaku ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a Rurum Tsohon Gari. Ita ta goya shi, kuma ba ta bari ya manta ba ko sau ɗaya. Mace ce mai faɗa a ji, wadda idan ta shigo gida har kaji sukan rage murya. Duk dangin nan, daga Rurum zuwa Zurgu, ba a wankan jego sai da ita. Ba a gayyatarta, labarin haihuwa kawai take ji sai a gan ta a bayan mashin da ƙullin ganyen darbejiya da kanwa da tazargade, da wani tsohon kasko na ƙasa da ta gada wurin mahaifiyarsu, wanda ya yi baƙi ƙirin don tsufa. A cikinsa take zuba garwashi ta tura ƙarƙashin gadon mai jego don jiki ya gasu. Ita kanta sau ɗaya ta haihu, tun tana amarya, namiji, ana ce masa Amiru. Bai yi wata guda ba. A cikin wata marka irin wannan aka kwantar da shi ya yi barci bai tashi ba, tsofaffin lokacin suka ce iska ce ta shafe shi. Tun daga nan Yaya Asma'u ta ɗaura yaƙi da iskoki. Ba ta yarda jariri ya kwana kusa da taga, ba ta yarda a bar ƙofa a buɗe da almuru, kuma babu wanda ya isa ya ce mata don me.

Da Afra'u ta dawo gida wankan haihuwar fari, Yaya Asma'u ta iso kafin a gama yanke cibiya. Afra'u ita ce 'yar farin Malam Ishiyaku, saboda haka bakinsa bai taɓa furta sunanta ba, sai dai "yarinyar nan" ko "ke". Ko a wannan sanarwa sai da ya juya baya Munzali ya faɗi sunan aka rubuta. Aka ba ta sabon ɗakin da aka gina bara, na bulo, mai silin da tagar gilashi da ƙofar ƙarfe da take rufuwa ruf. Mai gida ya san kaskon yayarsa, ya kuma san ɗakin. Ba zai iya shiga ɗakin jegon 'yar fari ba, ba zai kuma iya kallon idon Yaya ya ce ta ajiye kaskon uwarsu ba. Sai ya yi abin da zai iya. Ya sa Munzali, wanda ya zo suna, ya cire Mai Tsiwa daga baranda ya kafa ta cikin ɗakin, a saman ƙofa, ya ce kuma ya yi wa gwaggonsa bayani dalla-dalla.

A nan Munzali ya yi aikin da har abada uban ba zai daina goranta masa ba. Yana kan kujera da guduma, waya maƙale a kafaɗa yana ciniki da wani a Kano, gwaggonsa ta tambaye shi mene ne wannan yake buga wa mutane a ka. Ya ce, "Gwaggo, muguwar iska take ganowa. Wadda ba a gani, ba a jin warinta, sai dai kawai a ga mutum ya yi barci bai tashi ba. In kin ji ta yi huɗu-huɗu, to ta shigo."

Ya sauko ya ci gaba da wayarsa. Bai ce garwashi ba. Bai ce a buɗe taga a fita waje ba. Yaro ya yi karatu har ya iya haɗa wuta daga rana, amma bai san cewa iskar da yake nufi daban, iskar da gwaggonsa ta shekara arba'in tana yaƙi da ita daban ba. An ce Yaya Asma'u ta daɗe tana kallon na'urar, sannan ta ce ashe Turawa ma sun san da su. Ta goge ta da gefen zaninta. A duk tsawon rayuwar marigayiya, ban da mai gida, wannan ce kaɗai mace da ta taɓa girmama ta, kuma ita ce ta kashe ta.

Kwanakin farko lafiya ƙalau, don ana zafi, ƙofa a buɗe take, 'yan barka suna shiga suna fita. Aka yi suna, jaririya ta ci sunan Fatima Zahra'u. Sai marka ta sauka. Ranar Talatar tun safe ake ruwa ba ƙaƙƙautawa, gari ya yi sanyi, Saude ta tafi Zinyau gaisuwar mutuwa ruwa ya tsare ta a can. Abin da ya faru a ɗakin, Yaya Asma'u ce da bakinta ta ba da labari daga baya, kuma da farko da alfahari ta ba da shi. Ta yi wa Afra'u wanka, ta cika kasko da garwashi ta tura ƙarƙashin gado, ta rufe taga, ta rufe ƙofa don kada sanyi ya bugi ɗanyen jiki. Ba a jima ba Afra'u ta ce kanta yana sarawa. Gwaggo ta ce jego ne. Can sai Mai Tsiwa ta buɗe baki: "Ti-ti-ti-ti."

Yaya Asma'u ta ce a ranta yau ga ta ga abokiyar gabarta. Ta yi duk abin da ta sani ana yi wa iska. Ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kada wata ta ƙara shigowa. Ta cusa zani a gefen taga. Ta jawo kaskon tsakiyar ɗaki, ta ƙara gawayi, ta fifita har ya yi ja, ta barbaɗa tazargade da habbatussauda, tana addu'a tana tofa wa jaririya. Mai Tsiwa ta yi kuka huɗu-huɗu, ta yi uku-uku, ta koma huɗu-huɗu, tana roƙo da duk yaren da ta iya. Ruwa yana dukan kwano, babu wanda ya ji a waje. Afra'u ta ce za ta tashi, ƙafa ta ƙi. Jaririya, wadda tun safe take rigima, ta yi shiru, gwaggo ta ce alhamdulillahi magani ya fara aiki. Da ta ga an yi hayaƙi an yi tofi abin nan bai daina ihu ba, sai ta yanke cewa iskar ta gudu ta shige cikin na'urar. Muciyar da take dama kunun kanwa da ita tana jingine a bango.

Malam Ishiyaku ya dawo daga masallaci da buhun taki a ka maimakon lema. Yana sa ƙafa a zaure ruwan ya ɗan tsagaita, sai ya jiyo ta can ciki: "Ti-ti-ti-ti." Ya tsaya cak. Ta sake: "Ti-ti." Ba ta ƙarasa ba.

Shekara da shekaru yana jin muryar nan, bai taɓa jin ta yanke magana a tsakiya ba. Wannan rabin kukan shi ne wasiyyarta, kuma shi kaɗai ne a garin Rano zai gane ta. Ya yar da buhun, ya ratsa tsakar gida takalmi ɗaya a ƙafa. Ƙofar a sakale take ta ciki. Ya buga, ba a amsa ba. Dattijon da gwiwa take hana shi tsayuwar tarawihi ya ja baya ya sa kafaɗa har sakatar ta fita da sukurorinta.

Ɗakin ya yi ɗumi kamar tanda. Yaya Asma'u tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, muciya a cinyarta, idonta a buɗe amma ta kasa ɗaga hannu. Mai Tsiwa tana ƙasa a fashe, batir ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera. Jaririya tana kwance lakwas kamar tsumma. Uwarta ta kifa kai a gefen katifa, hannunta ɗaya a miƙe wajen 'yar, bai kai ba. A nan Malam Ishiyaku ya yi abin da bai taɓa yi ba tun ranar da aka haife ta. Ya ce, "Afra'u! Afra'u, tashi!"

Maƙwabta sun ce wannan kiran ne suka ji, ba na'urar ba. Ya fito da jaririyar cikin rigarsa, ya koma ya jawo uwar, maƙwabta suka kinkimo Yaya, aka shimfiɗe su a baranda iska tana kaɗa su. Ya ɗauko kaskon da hannu ya yi jifa da garwashin cikin ruwan sama, tafinsa har yau a naɗe yake. Aka samu mai a-daidaita-sahu ya kwashe su zuwa asibiti. Sai da aka kusa isa jaririyar ta yi wani ɗan siririn kuka, mai gida ya ce bai taɓa jin sauti mai daɗinsa ba, kuma ya faɗi haka ne yana sane da cewa marigayiya ba ta da kishi.

A asibiti aka sa musu abin shaƙa a hanci. Da Yaya Asma'u ta farfaɗo ta tambayi mene ne, aka ce mata iska ce ake ƙara mata, sai da mutum biyu suka riƙe ta. Da bakinta ya buɗe sosai kuwa, ta shiga ba 'yan dubiya labarin yadda ta yi artabu da muguwar iska ita kaɗai har ta rutsa ta cikin robar Ishiyaku ta fasa mata kai. Ta ce ba don ita ba da yanzu ana zaman makoki. Ta kuma ce da an sallame su za ta ci gaba da gashi, don arba'in ba ta cika ba. Malam Ishiyaku yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Ya fara tara maganganun da zai faɗa mata, yana wasa su ɗaya bayan ɗaya, ya rantse wannan karon goyon da ta yi masa ba zai cece ta ba.

Wata nas ce, wadda ba ta san kowa ba balle ta ji nauyi, ta tsaya tana gyara wa jaririya abin hanci ta yi wa ɗakin bayani gaba ɗaya. Ta ce garwashi a rufaffen ɗaki shi yake haifar da gubar, ko babu hayaƙi ko kaɗan. Ta ce tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, sai barci, kuma jarirai take fara ɗauka don numfashinsu ya fi sauri. Ta ce ɗakunan jinka na dā suna shaƙar iska ta sama shi ya sa ake tsira, amma ɗakin da ya rufu ruf, ko na bulo ko na soro, kabari ne. Ta ce in abin nan ya yi ƙara, a buɗe ko'ina a fita waje, shi ke nan maganin. Ta wuce gado na gaba. Yaya Asma'u ba ta ƙara ba kowa labarin artabu ba. Da haka har aka sallame su.

Marigayiya ta rasu ta bar batir biyu, dukansu da sauran rai. Ta bar ƙusoshi biyu a saman ƙofa, da kwalinta da mai gida ya adana a kan sif. Ta bar abokiyar aikinta, jar tukunyar kashe gobara, wadda take rataye a zaure ba ta taɓa yin aikin komai ba amma kowa yana ganin girmanta saboda ba ta magana. Ta bar bokitin yashi, wanda kyanwa ta mayar da shi abin da ta mayar. Ta bar maƙiyinta janareta a bayan gida, an ce tun ranar yake tashi bugu ɗaya don murna. Ta bar Saude, wadda yanzu take cewa dama ita tun farko ta san abin nan yana da amfani. Ta bar Munzali, wanda ya iso daga Kano da sababbi har guda huɗu a leda, yana sunkuyar da kai, uban bai amsa gaisuwarsa ba sai a ta uku. Ta bar Afra'u, wadda ta ce a cikin barcin nan mai nauyi ta ji an kira sunanta da muryar da ba ta taɓa jin ta kira shi ba, shi ya sa ta yi ƙoƙarin buɗe ido. Ta bar Fatima Zahra'u, mai rigima, Allah ya ƙara mata rigima.

Game da wadda ta yi kisan, mai gida ya so a rubuta abubuwa da yawa a nan, kuma ya tanade su. Shekaranjiya da hantsi yana zaune a zaure ya baje gawar a kan faifai yana ƙoƙarin haɗa ɓangarorinta, sai ga Yaya Asma'u ta fito tana bin bango. Ba ta taɓa zama a zaurensa ba, zauren maza ne, amma ta zauna a ƙasa. Ya gyara murya, ya ɗauko ta farko cikin maganganun da ya wasa. Ta riga shi.

Ta ce, "Ishiyaku, ɗakin da na yi jegon Amiru, ka tuna shi?"

Ya tuna. Mijinta mai hali ne, shi ya fara gina soro a unguwarsu, mai kaurin bango, babu taga, da ƙyauren katako da ake zuwa kallo. An yi ta yi mata barka da samun ɗakin da sanyi ba ya shiga.

Ta ce, "Da wannan kaskon ne. Ni na ce a ƙara gawayi."

Malam Ishiyaku ya dubi faifan da ke gabansa. Shekaru yana yabon marigayiya a kan ba ta rufa wa kowa asiri, ba ta san babba ba, gaskiya kawai take faɗa ko za a mutu. Ya buɗe baki ya ga shi ba zai iya irin halinta ba. Ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Yaya." Ta ce ta sani. Ta ce ba wannan ta tambaye shi ba. Suka zauna, ruwa yana ɗiga daga indararo. Maganganun da ya wasa suna nan a cikinsa, ya ce bai san inda zai kai su ba, shi ya sa majalisar ƙofar gida za su yi haƙuri su karɓi rabon Yaya a kan nasu.

Jiya da safe ta wanke kaskon da toka da soso har ƙasarsa ta fito ja, ta kawo ta ajiye a gabansa. Ta ce a sa marigayiya a ciki.

Saboda haka ga yadda aka tsara. Za a yi jana'izar Mai Tsiwa gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci, daidai lokacin da aka saba danna mata ciki, a bayan gidan Malam Ishiyaku, gindin bishiyar darbejiya. Liman ya ce ba a yi wa roba salla, mai gida bai musa ba. Ba za a yi mata wanka ba, don ba ta son ruwa. An cire batiran za a ba magadanta, waɗanda tuni aka kafa su, ɗaya a baranda, ɗaya kusa da madafa, ɗaya a ɗakin jego, ɗaya kuma an naɗe ta cikin zani za ta tafi Rurum. Munzali ne zai haƙa ramin shi kaɗai, babu mai taya shi, kuma kafin ya fara sai ya tsaya gaban jama'a ya yi bayanin da bai yi ba, da Hausar da tsohuwa za ta gane, wayarsa tana aljihun ubansa. Za a bar tagogin gidan a buɗe har a gama zaman makoki. Ba a buƙatar turare. Wanda ya zare batir don ƙwallo yana da damar ya zo ya tsaya a baya. 'Yan majalisa su yi zamansu, an yafe musu zuwa, ba a yafe musu sauran ba.

Za a binne ta cikin kaskon, a kife shi da faifai. Yaya Asma'u ce za ta fara zuba ƙasa, kuma mai gida ya ce duk wanda ya kalle ta a lokacin, shi da shi ne. Masu ta'aziyya kada su tsaya a zaure, Malam Ishiyaku ya ce shi ya samu sauƙi. Su wuce ciki, ɗaki na biyu a hannun dama, za su tarar da ƙofa a buɗe. Su yi wa Yaya Asma'u gaisuwar Amiru.